Kwat ɗin Ammu Tadros

"Ɗaga dutsen, Ummu Hisham. Ulu ne, ba zanin gadonki ba."

Na ɗaga. Ammu Tadros, baffan kowa a layinmu, yana zaune a kujerar kaba a bakin shagonsa, ƙafafunsa sun kumbura har silifa ba ta shiga. Shekara arba'in da ɗoriya yana yi wa unguwarmu guga a nan Iskandariyya, ni kuma ina sama da shagon tun ina amarya. Ban taɓa zaton zan riƙe dutsen gugarsa ba, mutumin da ko ɗansa bai yarda ya taɓa ba.

Ya sa na jiƙa farin ƙyalle, na matse, na shimfiɗa a kan wandon kafin na ɗora dutsen. In ƙarfe ya taɓa ulu kai tsaye, in ji shi, sai ya yi ƙyalli irin na goshin mai sanƙo. Na ce to ai shi ya fi kowa sanin sanƙo. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Wandon na wani kwat ne toka-toka. Wani Bagirke mai aikin jirgin ruwa ya bar masa shi, da malafa da takalma masu dogon wuya, shekarar da zai koma ƙasarsu. Ammu Tadros bai taɓa sa su ba, kullum cikin jallabiya yake. Amma duk bazara sai ya fito da su su sha iska, ya sabunta kafur saboda asu, ya shafa wa takalman mai, ya cusa musu jarida kada su lotsa. Mu matan layi mun daɗe muna tsokanarsa da cewa sabon aure yake shiri.

Ranar ce ya gaya min gaskiya. Su Kiftawa, Kiristocin Masar, da kayansu ake sa su a akwati, shi kuma a cikin wannan kwat yake so ya tafi. Ya ce ya gyara manyan mutane sun je ɗaurin aure, sun je kotu, sun je neman aiki, shi ma yana so sau ɗaya ya je wani wuri a gyare.

Na gama gaban kwat ɗin zan rataye, ya ce saura baya. Na ce wa zai ga baya, mutum yana kwance a kai?

"Ni zan kwanta a kai," ya ce. Sannan ya ƙara: "Masu shirya gawa suna tsaga kwat ta baya da almakashi don ya yi saurin shiga. Na gani da idona a kan yayana. Kada ki bari, 'yata."

Na yi masa alkawari, ina jin haushin kaina, don ban san yadda mace, Musulma kuma, za ta hana abin da ake yi a ɗakin da ba ta shiga ba.

Kwana tara bayan nan ya rasu, da hantsi, mai sayar da wake yana ta kiran ciniki a ƙasan taga. Na yi kuka sosai, ba zan ɓoye ba. Ɗansa Milad ya iso daga Alƙahira bayan azahar, a gajiye, waya a kunne. Na miƙa masa kwat ɗin na gaya masa wasiyyar. Ya ce to, irin to ɗin wanda bai ji ba.

Mai shirya gawar wani gajere ne mai gaggawa, yana da wata gawar tana jiransa a unguwar Muharram Bek. Ina tsaye a bakin ƙofar gidan marigayin na ga ya buɗe jaka ya ajiye almakashi a kan teburin falo, ya shiga wanke hannu. Ban yi shawara da kowa ba. Na ɗauke na jefa a aljihun rigata.

Ya fito yana lalube. Ya tambayi Milad, ya tambayi maƙwabta, daga ƙarshe idonsa ya tsaya a kaina.

"Hajiya, jiki ya sandare. Ba zai shiga haka ba."

"Zai shiga," na ce. "Ammu Tadros bai taɓa ce wa rigar kowa ba za ta gyaru ba."

Milad ya dube ni, ya dubi kwat ɗin da ke hannunsa. Ya juya shi, ya ga bayan sumul, ba ko lanƙwasa ɗaya. Sai ya kashe wayar, ya naɗe hannun riga, ya kira maza biyu suka shiga.

Sun fi rabin awa a ciki. Ina jin mai shirya gawar yana gunaguni, ina jin Milad yana cewa a hankali, a ɗaga kafaɗar a hankali. Da suka buɗe ƙofa, Ammu Tadros yana kwance a akwati, karin wandon a miƙe har kan takalma. Milad ya raɗa min cewa ko zare ɗaya bai tsinke ba.

Ban bi su coci ba. Na sauka shagon don in rufe. Malafar tana nan a kan guntun katakon da yake kifa ta, an manta da ita, ƙura ta fara sauka a bakinta. Na ciro almakashin na ajiye kusa da dutsen gugar da ya huce, na ɗauki buroshinsa mai laushi, na soma share ta ta ɓangaren da gashin ya kwanta, yadda na saba ganin yana yi.