Mota Mai Tsohon Tambari

Tun da baƙi suka sayi kamfanin ƙera motoci na garinmu suka sake masa suna, babu abin da ya ƙona wa Radoje rai kamar dokar ajiye mota. Filin gaba, wanda ke cikin babbar ƙofa, an ce na masu motar kamfani ne kawai. Duk mai wata mota daban sai ya zagaya can baya kusa da layin dogo, wurin da muke kira Siberiya saboda nisansa da sanyinsa. Kowa ya gane inda aka dosa. So ake ka gaji da taka taɓo ka je ka sayi tasu.

Da farko Radoje ya ɗauka abin bai shafe shi ba. Motarsa ai 'yar gida ce. A nan aka ƙera ta tun yana saurayi da gashi cike da kai, kuma da guminsa a jikinta. 'Yar ƙarama ce fara, in ta tashi sai ka rantse injin markaɗe aka kunna. Laifinta ɗaya, tsohon tambari ne a goshinta, na kafin zuwan baƙi. Na'urar da aka kafa a ƙofa kuwa sabon kaɗai ta sani, in ba ta gan shi ba ƙarfen shingen ba zai ɗaga ba. Haka aka mayar da 'yar gida bare, Radoje ya koma Siberiya cikin masu motocin Jamus da Japan. Ya haɗiye, amma abin bai bar ransa ba.

Sai ga ranar barin aikinsa ta zo. Al'adarmu ce tun zamanin iyayenmu, mai yin ritaya yakan shigo da motarsa ta babbar ƙofa a ranar ƙarshe, 'yan sashensa su jeru suna dukan rufinta da tafin hannu har ya tsaya. Radoje ya dokar wa mutane ba adadi. Bai taɓa zaton tasa za ta zama abin shawara ba.

Da safe matarsa Desanka ta ajiye masa kofi, ta ce, "Ka ari ta surukinka mana. Sabuwa ce fil, ta kamfani."

"Ni? In yi sallama da aiki a motar aro?"

"To ka bari a manna mata sabon tambarin, da yamma a ɓamɓare. An ce wasu haka suke yi."

"Desa, ke za ki yarda a manna miki hancin wata don ki shiga biki?"

"In ya fi nawa kyau me zai hana?"

Radoje ya miƙe. Ya sa kwat ɗin da ya ɗinka lokacin auren 'yarsa, ya goge motar har tayu, ya kama hanya. A ransa yana cewa ko ƙarfe ne ai ya san yau daban ce.

Ƙarfe dai bai san komai ba. Motar ta tsaya, shinge ya ƙi motsi. Daga ciki 'yan sashensa sun jeru gefe da gefe, kowa ya naɗe hannun riga. Mai gadi ya fito daga ɗakinsa yana sosa ƙeya. Mladen ne, ɗan wani amininsa da ya rasu, magidanci mai 'ya'ya.

"Kawu Radoje, don Allah ka rufa mini asiri," ya ce ƙasa-ƙasa. "In na ɗaga shi da hannu, nan take za su gani a ofis. An riga an ja mini kunne, an ce na gaba kora ce."

Radoje ya dube shi, ya ga kamannin ubansa sak. Ba zai raba yaron nan da abincinsa don a daki rufin mota ba. Amma ya juya a gaban jama'a ya nufi Siberiya cikin kwat? Kunya ta rufe shi. Ya ce, "Ba komai, ɗana, yi aikinka." Ya sa giyar baya.

Ji ya yi an bugi gilashi. Zorka ce ta sashen fenti, macen da in ta yi magana a wannan bango ake jin ta a wancan.

"Ina zuwa, tsoho? Kashe ta!"

"Zorka, bar ni in tafi da mutuncina."

"Na ce kashe ta." Ta juya ga maza. "Ku kuma kun zuba ido kamar an dasa ku. Ko cin burodi da nama kaɗai kuka iya? Wannan 'yar abar har nauyi gare ta?"

Suka yo waje buu ta matakalar masu shiga da ƙafa, wadda ke gefen shingen, suka kewaye motar. Radoje ya buɗe ƙofa zai fito, Zorka ta mayar da ita garam.

"Zauna! Yau kai ne amarya."

Wani ya ba da murya, suka ɗaga gaba ɗaya. Motar ta bar ƙasa, ta karkata, ta daidaita. Suka fara hawa matakala da ita suna nishi.

"Kawu, me ka ci da safe?" in ji wani daga baya. "Wallahi motar ba nauyi, kai ne!"

"Lalaci dai," Radoje ya faɗa ta taga. "Mu da muka ƙera ta ba mu yi wannan kukan ba."

Ɓangaren baya ya soma yin ƙasa. Mladen ya waiga wajen ofis, ya cire hularsa ya cusa a aljihu, ya zo ya sa kafaɗa.

"Ni ban ga mota ta shiga ba," ya ce yana haki. "Kaya na ga an shigo da shi."

Waɗanda ba su sami wurin kamawa ba suka bi gefe suna dukan rufi, har ƙarar ta fito da mutanen ofis bakin tagogi. Radoje na zaune a miƙe, hannu biyu a kan sitiyari, haɓa a sama. Da aka zo kwanar shiga fili har sigina ya sa. Tunda yake bai taɓa jin kansa ya kai mutum kamar a wannan lokacin ba.

Suka dire ta a sahun gaba, tsakanin manyan sababbin motoci masu ƙyalli, ba ta ko kai kafaɗarsu ba. Ya ɗan jima a ciki sai da idonsa ya bushe. Sannan ya fito, ya kulle ta da makulli, ya gyara wuyan kwat. Jama'a suka yi tsit suna jiran jawabi.

Ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "To ku ba ni hanya mana. So kuke a ce Radoje ya makara aiki?"