Bututun da ke Bayan Gadon Batulu

A shekarar 1981 ƙanena Alhaji Barau ya sayi janareto, ya ɗauko Bernard mai aikin lantarki daga Birnin Kudu ya ja masa wuta a gidansa na Gwaram. Bernard bai sa bututun ƙarfe ba. Na roba ya kawo, farare marasa nauyi. Ya tsaga bangon ƙasa ya kwantar da su, ya zura waya a ciki, aka yaɓe. Na ruwa ma roba ne, daga tanki har banɗaki. Dattawa suka ce kayan wasan yara ne. Ni dai na sha ganin yadda ƙarfe ke tsatsa a bango da damina, don haka ban bi bakinsu ba.

Lokacin ina aikin ungozoma a Birnin Kudu. Da Batulu, matar Ƙasimu ɗan Alhaji, ta yi haihuwarta ta biyu, ban samu zuwa ba sai bayan suna. Na tarar da ita a kan gadon ƙasa, garwashi jajir a ƙarƙashinsa, kamar yadda ake yi wa mai jego. Ƙafafunta sun kumbura har gwiwa. Ba ta iya kwanciya sai a jingine, numfashi na fita da ƙyar. Gwaggonta Inna Mero, wadda ta zo daga Fagam don yi mata wanka, tana ɗura mata kunun kanwa.

"Inna Mero, a kwashe wutar nan, a dakatar da kanwar," na ce. "Zuciyar yarinyar nan ta gaji. Asibiti ya kamata a kai ta."

"Wace irin zuciya? Sanyi ne ya shige ta. Ke Barira, boko ya ɓata ki. Tara na haifa a kan irin wannan wuta, ga ni nan."

"Ke ga ki nan. Waɗanda na rufe wa ido fa, wa zai tambaye su?"

Ta juya mini baya ta ƙara gawayi.

Na sami Alhaji a zaure. Ya saurare ni yana kallon ƙasa. "Yaya, wannan sha'anin mata ne. Mai jego ba ta fita kafin arba'in. In na sa baki, me za a ce da ni a garin nan?"

Na koma na zauna kusa da Batulu, ba ni da abin yi sai riƙe mata hannu. A nan ne na ji ƙauri, ba na gawayi ba. Na dafa bangon da gadon ya jingina da shi, ya ƙona mini tafi. Yaɓen ya tsage a miƙe, daga ƙasa har wajen makunnin fitila.

Da safe na shiga mota zuwa Birnin Kudu, na dawo da Bernard a a-kori-kurarsa.

Ya ɗan kankare yaɓen da guduma. Bututun ya lanƙwashe ya yi baƙi, ya manne da wayar. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin gadon, ya daɗe bai tashi ba.

"Alhaji, ni na ɗauka dakalin zama ne wannan. Ba wanda ya ce mini ana hura masa wuta."

"Kowa ya san gadon jego," in ji Alhaji.

"Ban da ni. Roba ba ta tsatsa, amma ba ta jure zafi. In ta gama narkewa waya ta taɓa waya, rufin nan zai kama. Sai na fasa bangon nan duka na sake sabo. Kwana uku, kuma ba mai zama a ɗakin."

Alhaji bai yi shawara da kowa ba. Nan take ya sa aka kwashe garwashin.

Inna Mero ta ɗora hannu a ka. "Saboda bututu za ku bar mini yarinya da ɗanyen jiki? Ina za ta kwana?"

"A wurina," na ce. "Ina da ɗaki."

Alhaji ya dube ni. Ya san ɗakin da nake nufi. Ya ce wa Ƙasimu ya ɗauko tabarma da matashi.

Muka jingina Batulu a bayan motar, jaririn a cinyata, Bernard na tuƙi a hankali saboda ramuka. Ban bi da ita ta gidana ba. Sati biyar ta yi a gadon asibiti kafin kumburin ya saɓe. Likita ya ce zuciyar ba za ta koma kamar da ba, kuma kada ta sake ɗaukar ciki. Ranar da aka sallame ta, ita da kanta ta goya ɗanta, ta taka har bakin titi tana tsayawa tana hutawa.