Igiyar Gujiya

Abu ɗaya 'yata Oumaima ta roƙe ni kafin ta shiga motar makaranta ran Asabar da safe, za su birnin Raleigh su dawo ƙarfe biyar na yamma. Ta ce, "Baba, kada ka kwance mata igiya. Not even one minute."

Na ce na ji. Ƙarfe goma sha ɗaya na kwance.

Gujiya karya ce, 'yar wata goma, ja-ja mai dogayen kunnuwa. Oumaima ta sa mata Peanut, wato gyaɗa da Turanci, ni kuwa bakina ya ƙi, na mai da ita Gujiya. An ƙwato ta ne tare da karnuka sama da ɗari daga wata gona inda ake tara su cikin kejin waya, wani bisa wani, ba su da aiki sai haihuwa ana sayar da 'ya'yan. A can ba ta da suna, lamba ce a wuyanta. Ba ta taɓa taka ƙasa ba. Ranar da aka kawo ta gidanmu a Pleasant Garden, kusa da birnin Greensboro, cikin kakar 2008, da aka ajiye ta kan ciyawa sai ta ɗaga ƙafa ɗaya ta sandare, kamar an ɗora ta kan garwashi.

Kada wani ya ɗauka ni mai son kare ne. Ni Zabeirou, haifaffen Maradi, abin da na sani tsakanina da kare shi ne dutse. Amma Oumaima shekararta goma sha shida, kuma ta kai shekara uku in na yi mata Hausa sai ta amsa da Turanci, shi ma a taƙaice, kamar ana cajin ta kuɗin kalma. Makaranta ta tura su aikin sa kai a wata ƙungiyar masu ceton karnuka. Wata rana ta dawo, ta zauna a ƙasa kusa da ƙafata, ta ce, "Baba, don Allah, ina roƙonka abu guda." Da Hausa. Wallahi da raƙumi ta roƙa da na fita nema.

Matata Aissa ta gindaya sharaɗinta: kare ba zai taka mata ɗaki ba. Aka daidaita da Miss Darlene, matar da ke kula da ƙungiyar, cewa Gujiya za ta zauna a barandar baya wadda aka kewaye da raga, aka sa mata na'urar ɗumi. Abokaina kuwa na ce musu gadin kajina na ɗauko ta. Mako uku da zuwanta, mai gadin nan in kaza ta yi kuka sai ta shige ƙuryar akwatin da take kwana ciki tana rawar jiki. Ba ta haushi, ba ta kallon ido, ba ta cin abinci sai kowa ya bar wurin. Oumaima kaɗai ke iya sa mata igiya, ita ma sai ta ba ta baya ta zauna rabin awa.

To ran Asabar ɗin nan na fito da ita bayan gida, igiyar na hannuna, tana tafiya tana raɓe-raɓe, sai tausayi ya kama ni. Na ce a raina wannan ai ita ce cutar. Dabbar da aka tsare tun haihuwa, maganinta a ƙara tsare ta? A garinmu wa ke ɗaure kare kamar akuya? Kare in ya ci tuwon gida kwana uku ya san gida. Na ga Turawa da 'ya'yanmu da muka haifa a nan ba su san dabba ba, takarda kawai suka sani. Na sunkuya na ɓalle ƙarfen igiyar.

Ta tsaya, ta shinshina iska. Har na fara yaba wa kaina. Sai maƙwabcina ya tayar da injin busa ganye.

Ban ga lokacin da ta bi ta ƙarƙashin shinge ba. Jelarta kawai na gani tana shiga dajin da ke bayan gidajenmu. Dajin ba shi da faɗi. Bayansa babbar hanyar 421 ce, inda manyan motoci ke wucewa ba birki.

Na ruga bakin shinge. Na yi ta kira har muryata ta dushe, sannan na yi abin da kowane ɗan Nijar zai yi in masifa ta same shi: na buga wa Adamou, abokina tun daga gida. A Greensboro kuwa in ka gaya wa Adamou magana ka gaya wa gari. Kafin azahar motoci tara sun jeru a ƙofar gidana, uku cikinsu tasi ne da suka bar aiki. Mutanen da ba za su taɓa kare ko da sanda ba, ga su sun zo neman kare saboda an ce Zabeirou na cikin damuwa. Na ji daɗi har idona ya kawo ruwa. Na ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Maazou, wani direban tasi da ubansa maharbi ne a Dogondoutchi, shi ya karɓi ragama. "Bon, ku yi layi," in ji shi. "Kowa ya ba ɗan'uwansa taku goma. Mu kora ta ta fito fili, kamar zomo."

Muka shiga daji mu goma sha bakwai, ana tafi, ana ihu, wani ya ɗauko murfin tukunyar Aissa yana bugawa. Sau biyu aka hango ta. Sau biyun nan duk wanda ya gan ta sai ya kwarma ihu ya bi ta da gudu, kuma kowane gani ta fi na baya kusa da hanya. A gani na biyu ina jin ƙarar tayoyin manyan motoci a ƙirjina. Na duba agogo, ƙarfe biyu da rabi. Na fara tsara yadda zan gaya wa Oumaima, kowace jimla na gwada sai na watsar da ita.

Kunya ta hana ni kiran Miss Darlene tun farko. Yanzu tsoro ya kori kunya. Cikin minti ashirin ta iso da tsohuwar motarta mai warin karnuka. Ta dubi rundunar Maazou, ta dubi murfin tukunya, ta rufe ido na ɗan lokaci. Ban taɓa ganin mutum ya haɗiye zagi a fili haka ba. Ta ce duk su tafi gida, yanzu. Ta ce wannan karyar duk hannun da ya taɓa miƙowa gare ta a duniya don ya fizge ta ne, kuma yau mun nuna mata ba ta yi kuskure ba. Ba a bin ta, ba a kiran ta, ba a kallon ta. Sai dai ta zo da ƙafarta.

Na sallami mutanena da godiya da ban haƙuri. Maazou ya tafi yana cewa saura ƙiris da sun kama ta.

Miss Darlene ta tambaye ni ko akwai lokacin da karyar ke matsowa kusa da ni don kanta. Na ce babu, ko sau ɗaya.

"Akwai," in ji Aissa daga bakin ƙofa. "In kana salla."

Na juyo. Ta ce kullum in na shimfiɗa darduma a baranda da la'asar, tana hangowa ta tagar kicin. Da na yi kabbara sai Gujiya ta fito daga akwati, ta lallaɓo ta kwanta a bayana, kamu biyu tsakaninmu. Da na yi sallama kafin in juyo ta koma. "Ban gaya maka ba don na san halinka," in ji ta. "Da ka hana ta."

Gaskiya ta faɗa, da na hana ta. Malaminmu ya taɓa gaya mana cewa a mazhabarmu jikin kare mai rai ba najasa ba ne, amma zuciyar Bahaushe ba ta karanta wannan littafin ba.

Ƙarfe huɗu da kwata na yi alwala, na sa rigar da nake salla da ita kullum, na ɗauki darduma na fita ta ƙofar shinge zuwa bakin dajin, ni kaɗai. Na ajiye igiyar a gefe. Kafin in tayar da salla sai da na tsaya na yi faɗa da kaina: salla zan yi ko tarko zan ɗana? Na ce ya Allah, lokacinka ne ya yi, ko babu kare zan yi ta, sauran kuma ka fi ni sani. Na yi kabbara.

Ban taɓa yin salla marar natsuwa irin wannan ba. Ina karatu kunnena na kan hanya. A raka'a ta biyu wata babbar mota ta danna dogon oda, na manta surar da nake ciki na sake daga farko. A ta uku na ji ganye ya motsa a bayana. Ko kurege ne, ko iska. Wuyana ya yi ta ja na in waiga, na ƙi.

Ina zaman tahiyar ƙarshe na ji wani ɗan nauyi ya sauka kan gefen rigata, can baya. Sai ɗumi. Sai numfashi, sauri-sauri, da rawar jiki da nake ji ta cikin yadi.

Jikina ya so ya zabura, shekara arba'in da tara na saba. Na danne. Na gama tahiya, na yi salati, na yi duk addu'ar da na sani, na koma na maimaita, don na san abin da sallama ke nufi a wurinta. Amma salla ba ta da ƙofar fita sai ita. Na yi sallamar a hankali, da ƙyar na karkata kai. Nauyin ya ɗaga. Ban motsa ba. Sai ya dawo.

Igiyar na nan kusa da gwiwata, hannu ɗaya zan miƙa. Ban miƙa ba. Na yi ta tasbihi da yatsu, ina kallon ƙasa. Ƙafafuna suka yi tsami, suka mutu. Rana ta sunkuya bayan itatuwa, sauro suka same ni a arha. Can na ji an rufe ƙofar mota a gaban gida, na ji muryar Aissa ƙasa-ƙasa, na ji wata 'yar ƙara da aka toshe da hannu. Oumaima ta dawo, kuma an gaya mata.

Ban ji takunta ba, ta cire takalmi. Ta zo da baya-baya, ta zauna gefena ba ta dube ni ba, ba ta dubi karyar ba. Muka yi zaune mu uku. Ban san tsawon lokacin ba. Sannan hannunta ya bi ciyawa ya ɗauki igiyar, ya zagaya bayana sannu-sannu. Na ji ƙarfen ya ce ƙyas.

Sai a lokacin ta fara kuka, marar sauti. Na fi son ta zage ni.

"Who let her off?" in ji ta.

Da na so, sai in ce igiyar ce ta ɓalle. Aissa ba ta gani ba, babu wanda ya gani.

"Ni ne," na ce. "Da hannuna. Na ɗauka na fi ki sani."

Ta daɗe tana kallon rigata, inda Gujiya ke kwance har yanzu, laka da gashi duk sun ɓata yadin. Na jira Turancin da zai biyo baya, gajere, mai sanyi, irin wanda zan ci gaba da ji har ta bar gidan nan.

Ta share ido da bayan hannu, ta miƙo mini igiyar.

"Riƙe, Baba," in ji ta. "Da hannu biyu."