Agwagin Turai

Da aka gama ginin matatar ruwan kwata a gefen Kura, rafin bayan gidan Turai ya koma garau. Da la'asar sai ga wasu fararen agwagi sun shigo mata tsakar gida suna rangaji, suka nufi kwanon dusa. Ta rarumi tsintsiya ta bi su a guje.

"Malam! Agwagin wa ke cinye min dusa? Nawa baƙaƙen ko dawowa ba su yi ba!"

Mijinta Bilya ya leƙo, ya hango gurguwar cikinsu tana ɗingishi a baya. Ya yi ta dariya har hularsa ta faɗi.

"Naki ne, Turai. Wanka suka yi."

Ta saki tsintsiya, ta rangaɗa guɗa.

"Ashe duk shekarun nan farare nake kiwo!"