Muryar da Ke Gaida Kawu Bakari

Alhaji Sabitu mutum ne mai son a ce ya waye. Da ya buɗe ofishin sayar da taki a Gwallameji, sai ya ɗauko wata injiniya, Lilian, ta haɗa masa wayar ofis mai aiki da intanet. Kowane tebur da lambarsa, ga kuma muryar mace mai cewa a danna ɗaya, a danna biyu.

Wanda ya fara kira Kawu Bakari ne daga Zungur, tsohon da ya riƙe Sabitu tun yana maraya. Ya yi sallama, muryar ta ce ya danna ɗaya. Ya ce ina kwana, ta ce bai danna komai ba. Kafin la'asar saƙo ya iso cewa Kawu ya yi fushi, wai Sabitu ya ajiye fitsararriya a bakin waya.

Hankalin Alhaji ya tashi, don duk duniya ba wanda yake gudun ɓacin ransa kamar Kawu. Lilian ta ce da sauƙi, a saita lambar tsohon ta riƙa wucewa kai tsaye zuwa teburin Alhaji. Shi kuwa ya san gaisuwar Kawu, sai shayi ya huce ba a iso kan shanu ba. Ya ce a'a, a naɗi muryarsa, in lambar Kawu ta kira ita za ta riƙa amsawa. Haka ya zauna yana gaida bango, ina kwana, ina gajiya, yaya gida, Lilian tana barin fili don amsa, bayan kowane fili kuma ya ce, "To madalla, haka ake so."

Abin haushi, dabarar ta ci. Kullum da safe Kawu ya kira, a gaisa, ya sa albarka ya kashe.

Ran nan muryar ta tambaye shi yaya gida, ya ce gobara ta cinye masa rumbu jiya. Ta ce madalla, haka ake so.

Da labari ya iso, Alhaji ya kwashi Lilian da buhunan masara sai Zungur. Ya durƙusa, Lilian ta yi bayani. Kawu ya saurara har ƙarshe, ko kallon masarar bai yi ba.

"Rumbu ai sai a sake ginawa," in ji shi. "Ni da nake ta faɗa wa mutane Sabitu ya yi hankali, yanzu yana tsayawa ya saurare ni. Ashe ba kai ba ne."