Wankin Kantoci

Da Alhaji Nu'uman ya sayi ɗakin sanyin kifi a Treichville, sai aka tsegunta masa cewa tsohon mai shi naman alade yake ajiyewa a ciki. Tun daga nan, duk Alhamis sai an kashe inji, an kwashe kwalaye, an yi wa kantocin wanka da tiyo, sannan a kunna tun ba su tsane ba. Najasa ta fita tun wankin farko, amma shekara biyu ke nan zuciyar Alhaji ta ƙi wankuwa.

Kalla, shugaban leburorinsa, tsoro yake ji. Kantocin na fibir ne, zaren gilashi da aka daskarar cikin ƙaro, kuma ya san halinsa, don ya daɗe yana yi wa jiragen ruwa faci a tashar lagun, tafkin da ke gefen birnin. Ruwa kan bi 'yar tsaga ya shige, sanyi ya mai da shi ƙanƙara, ƙanƙara ta buɗa tsagar. Mako mai zuwa ruwan ya ƙara nisa. Daga waje kuwa sumul, sai ka rantse sabo ne.

Ran da kwantenar kifin azumi ta iso, Kalla ya shafa ƙarƙashin kantar sama. Farin gashin fibir ya soki tafinsa. Ya ƙwanƙwasa, ta amsa kamar fasasshiyar ƙwarya.

"Alhaji, wannan ta mutu a tsaye," in ji shi. "Kar a ɗora mata."

"Fibir ce fa, Kalla, ba ta tsatsa. Kifin in bar shi a rana? Alon, maza a loda."

Mai tsara kwalayen ƙasa, daidai ƙarƙashin kantar, Idris ne, ƙanin Kalla, wanda aka yi sunan 'yarsa shekaranjiya. Kalla ya dube shi yana hura hannu yana dariya. In ya ƙi aikin, wani za a sa, Idris kuma yana nan inda yake.

"Idris, ɗauki wotoro, amalanken can, ka kai wa matan kasuwar Adjamé kayansu."

"Yaya, ai turin nan na Mati mai amalanke ne."

"Na ce ka tafi."

Ya tsaya har ƙarar amalanken ta ɓace. Sannan ya ɗaura rigar sanyi, ya yi bisimilla, ya durƙusa a gurbin ƙaninsa. A bisa kansa aka dire kwali na farko, kantar ta ce ƙas, a hankali.

"Miƙo na biyu," in ji Alhaji daga bakin ƙofa.