Amsar da Ustaza Ta Ba Ikilima

Yaƙi ne ya koro Ummusalama daga Madani zuwa Gadarif, ita da mahaifiyarta da akwati ɗaya. Ba ta gama jami'a ba, amma Turancin da ta samu ya isa aka ɗauke ta koyarwa a wata halwar 'yan mata da ke bayan gari, inda yara ke kwana suna haddar Alƙur'ani. Da hantsi, bayan an wanke alluna, ita ke shiga ƙarƙashin rumfa da nata darasin.

Bahaushiya ce gaba da baya, amma babu wanda ya sani a halwar. Tun tana firamare ta koyi barin Hausa a ƙofar gida, don ta gaji da jin ana kiranta Fallatiya, sunan da ake tsokanar Hausawa da shi a can, ana dariya. Larabcinta kuwa ko ɗan Umdurman bai fi ta ba.

Da damina aka kawo wata yarinya daga Simsim, sunanta Ikilima. A hadda babu mai kamo ta, amma Larabcin hira bai zauna a bakinta ba. Ummusalama kuma da Larabci take fassara Turanci, sai yarinyar ta rasa duka biyun. Takan zauna a gefen tabarma tana bin bakin malamar da ido.

Wata rana ana koyon sunayen 'yan uwa, uwa da uba da kaka, Ikilima ta matso ta ce a hankali da Hausa, "Ustaza, ban gane ba. Ki sake mini."

Ummusalama ta ji kowace kalma. Har amsar ta zo mata baki. Sai ta hango Ustaza Salwa, mai koyar da tajwidi, tsaye a bakin rumfa da kofin shayi. Ta juya ta ce da Larabci, da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Yi magana da yaren da mutane ke fahimta."

Ajin ya fashe da dariya. Ikilima ta koma wurinta, ta ja mayafi ta rufe baki.

Daga ranar ba ta sake tambaya ba. Ummusalama ta yi ta niyyar kiranta gefe, kullum sai ta ce gobe. Takan ƙara mata maki inda bai kamata ba, ta ajiye mata dabino a gefen allo, yarinyar ta karɓa ta yi godiya da Larabci ba tare da ta ɗago ba. In ta koma gida mahaifiyarta ta tambaye ta makaranta, da Hausa, sai ta kawar da zancen.

Lokacin yankan riɗi ya zo. Wata mata mai lulluɓin tob shuɗi ta sauko daga motar kaya, ƙafafunta duk baƙar laka. Jummare ce, mahaifiyar Ikilima. Ta daɗe tana kallon Ummusalama a tsakar halwa, sannan ta ce, "Yarinya, ke ba jikar Alhaji Yahya na Ƙala'at an-Nahal ba ce? Hancin gidanku ba ya ɓuya."

Ikilima na tsaye riƙe da ƙunshin kayanta. Ta ɗago kai.

"Ni ce, Inna," in ji Ummusalama. Wannan ne karon farko da Hausa ta fito daga bakinta a wurin.

"Ma sha Allah. Ashe tamu ce ke koya musu." Jummare ta kama hannunta da murna. "Na zo ɗaukarta. Ta ce kanta ba ya ɗaukar Ingilizi, zaman ma ya ishe ta. Akwai halwa kusa da mu, sai ta ƙarasa haddarta a can."

"Inna, ki bar mini ita. Kanta lafiya lau, ni ce ban koya mata yadda ya dace ba."

"Haba, kar ki ɗora wa kanki. Ita ba ta taɓa faɗin laifinki ba."

Wannan ya fi komai yi wa Ummusalama ciwo. Ta durƙusa gaban yarinyar ta ce, "Ikilima, ki yafe mini. Ki dawo bayan girbi, mu fara daga farko."

Ikilima ta dube ta sosai. "Ashe kin ji ni ranar," ta ce. Ta juya ta bi mahaifiyarta.

An gama riɗi, an yanke dawa, Ikilima ba ta dawo ba. Ummusalama ta aika saƙo ta hannun wani direba mai zuwa Simsim, ya dawo ya ce suna gaishe ta, yarinya ta kusa saukar Alƙur'ani.

A sabon zango, ana tsakiyar darasi, ta ga a fuskokin wasu yara ba su gane ba. Ta ajiye alli ta maimaita bayanin da Hausa. Sai yara huɗu suka ɗago kai da jin yarensu, cikinsu har da Ruqayya, wadda ta fi kowa dariya a waccan ranar. Ruqayya ta yi saurin sunkuyar da kai, tana murza gefen tabarma.

Ummusalama ta ɗauki allin, ta ci gaba da darasi.